3.4 Kumburin Nono Mai Kama Da Daji

A wannan sashe za a dubi wasu cututtukan nono waɗanda suke kama da daji, alhali ba daji ba ne, kuma ba ƙwayar cuta ce take haddasa su ba. A ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmar "daji" tana da faɗin ma'ana. Duk wani ƙullutu ko miki da ya ƙi jin magani ana iya kiransa daji. Su kuwa likitoci, abin da suke nufi da daji shi ne tsiron da yake yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, wato sankara.

Na farko shi ne mutuwar kitsen nono. Likitoci biyu na Amurka, Lee da Adair, su ne suka yi bayaninsa a shekarar 1920. Yana samuwa ne idan nono ya bugu, misali ta faɗuwa daga babur ko tunkuyin dabba. Kitsen da ya mutu sai ya daskare ya zama ƙullutu mai tauri, har fata ta lotsa. Sau da yawa mace ba ta ma tuna lokacin da ta bugu. Akwai kuma buɗewar hanyoyin ruwan nono, wadda ta fi samun mata da suka kusa daina haila, inda kan nono yake shigewa ciki yana fitar da ruwa mai kauri.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne kumburin da Kessler da Wolloch suka bayyana a shekarar 1972. Yana kama mata masu haihuwa, galibi 'yan shekaru kaɗan bayan shayarwa, kuma yawanci nono ɗaya. Nonon yakan yi tauri da zafi, wani lokaci ya fashe yana zubar da mugunya tsawon watanni. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da shi. A nan ne iyali sukan yanke ƙauna, su ce daji ne, su nufi wanzami domin sakiya ko mai magani domin shafe-shafe. A ganin mai wannan bincike, sakiya ta fi komai illa a nan, domin miki a irin wannan nono yana daɗewa bai rufe ba. Alhali kuwa ciwon yakan lafa, ko dai da kansa, ko da maganin rage kumburi irin su firedinisolon. Sai dai dole a tabbatar ba tarin fuka ne ya kama nonon ba kafin a ba da shi, saboda maganin yana iya tsananta tarin.

Ido da hannu ba sa iya rarrabe waɗannan da sankara, hatta hoton asibiti yakan ruɗi likita. Abin da yake raba gardama shi ne a ɗebi ɗan nama da allura a duba shi a madubin likita. Domin haka akan tura mata daga wannan yanki zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Haka kuma ruɗanin yana iya juyawa, domin akwai wata sankarar da take zuwa da ja da zafi da kumburi ba tare da ƙullutu ba, a yi ta shan magani ana zaton ciwon nono ne na masu jego.