Ina Ungulayen Mahautar Dutse Suka Tafi?

Duk wanda ya haura shekara 40 a ƙasar Dutse ya san zamanin da ba a yanka a mahauta sai ungulaye sun yi dafifi suna jiran kayan ciki. Yau ka zaga kasuwar Shuwarin ranar cinta, ka ɗaga kai sama, da wuya ka hangi ko guda. Ba wanda ya yi cigiya, don dama ba tsuntsuwar da ake marmari ba ce.

Masu nazarin halittu kuwa sun daɗe suna ƙidaya. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana lissafa tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da kusan kashi 95 cikin 100 a wajen gandun daji, ita kuma ta gari, wadda muka saba da ita, kusan rabinta ya tafi. A 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Binciken da Darcy Ogada ta jagoranta ya nuna cewa cikin ungulayen da aka samu a mace a Afirka, kashi 61 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma cinikin sassan jikinsu ne. A wannan ciniki Najeriya na sahun gaba: kai da ƙafa da ƙwai duk suna da masu nema don tsibbu da neman sa'a. Sa'ar dai ba mu gani ba, tsuntsuwar ce ta ɓace.

Sai batun itatuwa. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar? Ƙwai ɗaya tak ungulu take yi a shekara, kuma sai a ƙololuwar doguwar bishiya irin kuka ko giginya ko maɗaci. Mai injin yankan katako da mai gawayi kuwa irin waɗannan suke fara nema. Bishiyar da ta shekara 50 tana girma, kafin azahar ta zama buhunan gawayi a bakin titi, sheƙar da ke kanta ta bi ta.

Wani zai ce to me ya dame mu? Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe, har da na ciwon saifa, wanda ya ɓulla a wata gona a Suleja a 2023. Garken ungulaye kan share mushen saniya kafin ya fara ɗoyi. In babu su, aikin ya koma hannun karnuka da ƙudaje, su kuwa har cikin gida suke shigowa. Indiya ta ɗanɗana wannan. Maganin ciwon jiki da aka riƙa yi wa shanu allurarsa, diclofenac, ya ƙarar da ungulayenta daga shekarun 1990, karnukan juji suka yawaita, haukan kare ya ƙaru. Wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Sauyin yanayi ya ƙara sa abin ya matso kusa da mu. Ruwan da a da yake zuwa daki-daki yanzu yakan zubo a dare ɗaya. A ambaliyar 2022, wadda ta ci Ringim da Jahun da Miga, dabbobi sun mutu a cikin ruwa kusa da rijiyoyi da kududdufan da jama'a ke ɗiba, ga shi masu kwashewa daga sama sun yi ƙaranci.

Makiyayin da ya zuba maganin ƙwari a mushe don ya kashe karen da ya addabe shi, ya sani tarko ɗaya kan hallaka ungulaye da dama a yini guda. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a sayar wa mahauci. A kira malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Wanda kuma Allah ya sa akwai sheƙa a kukar gonarsa, ya hana yara harbi da danƙo, ya kuma gaya wa mai unguwa kafin masu gawayi su zo tayi.