Ko Ka San Wayar Da Ke Auna Numfashin Mota?

Ko ka san a motoci da yawa masu injekta akwai wata 'yar waya, siririya kamar gashin kai, wadda ba ta da aiki sai jin sanyin iska? Ni ma ban sani ba, sai ranar da motata ta dinga mutuwa a tsakiyar tireloli a Sharada. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta hau karkarwa, allura ta faɗi, tsit.

"Alhaji, silo ne ba ta da shi," in ji bakanike. Fulogi lafiya lau. Sai ya kwance wani ɗan baƙin akwati a bayan matatar iska, wanda suke kira iyafulo, ya haska min cikinsa.

Lantarki ke ɗumama wayar, iskar da injin ke zuƙa kuma tana fifita ta, kamar mai hura koko. Da yawan wutar da aka ƙara don ta koma zafinta kwamfutar mota ke gane iskar da ta shiga, ta auno fetur daidai da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne irin wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a farkon shekarun 1980. Da filatinam aka yi ta, kuma da an kashe mota sai ta gasa kanta zuwa digiri 1,000 na daƙiƙa ɗaya, ta ƙone dattin jikinta. Ikon Allah! Yawancin na yau ba sa haka.

To ga ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, ga wadda manyan motoci ke tayarwa a hanyoyin Challawa da Bompai. In matata ta yage, ƙura ta lulluɓe wayar kamar bargo, sai ta daina jin iska sosai, kwamfuta ta kasa auno mai daidai.  A silo sai injin ya iya shaƙewa.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga an ɗaga silo kawai an sallami mutum: cutar na nan, mai na ƙonewa. Nawa bakaniken bai taɓa wayar da hannu ba. Ya fesa mata maganin wanki, ya bari ta bushe, ya sa sabuwar matata, ya ɗaure robar iska da ta saki. Ya murza makulli, allura ta tsaya cak a 750.