Dutsen da Ya Ƙi Tsiro a Gida

A watan Yunin 2021 kamfanin Mojang ya fitar da sigar 1.17 ta wasan Minecraft, sai masu haƙa suka fara cin karo da wani kogo mai siffar ƙwai a ƙarƙashin ƙasa. Baƙin dutse ne daga waje, fari a tsakiya, ciki kuwa amethyst ne mai launin shunayya, wanda ke amo mai daɗi idan an taka shi. A jikin bangon akwai tsiron dutse masu tsini, su ake fasawa a sami ɓarɓashi. Da yawa suka kwashe bangon suka jera a gida, suna jiran sabon tsiro. Shiru kake ji.

Me ya hana? Mai bincike zai fara zargin haske, amma a duhu ko a gaban fitila tubalan nan ba sa fitar da komai. Ruwa ma ba shi ne ba.

Amsar tana cikin kogon. Wanda ya dubi bangon da kyau zai ga tubalan iri biyu ne: wasu sumul, wasu da tsaga a fuska. Duk wani tsiro daga masu tsagar yake fitowa. Su kuwa da an sa musu diga sai su ɓace, ko da digar tana ɗauke da sihirin Silk Touch. Ashe bakararen dutse aka kai gida, uwar kuma an hallaka ta tun a rami.

Saura ƙulli ɗaya. Wasu sun bar uwar, sun yi tafiya mai nisa, sun dawo ba su tarar da ƙari ba. Dalili shi ne wasan ba ya raya abin da ke nesa da ɗan wasa. Sannan tsiron mataki huɗu ne, kuma na ƙarshen kaɗai ke ba da ɓarɓashi, huɗu idan da diga aka fasa.

A ganina wannan tsari ya yi kyau, domin ya mai da kogon wurin da ake komawa. Ɓarɓashi ɗaya da jan ƙarfe biyu na ba da madubin hangen nesa, huɗu da gilashi kuma suna ba da gilashin da haske ba ya ratsawa. Idan ka sami kogon, mai karatu, rubuta inda yake, ka gina ɗaki kusa, kada digarka ta taɓa mai tsaga.