Iliya Ya Fita Daga Kurkuku Ya Zo Ƙasar Hausa

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin samarin wannan zamani, inda mutum biyar ko goma za su ɗauki jarumin da wani mawallafi ya ƙaga, su jefa shi cikin kurkuku, sa'an nan kowa ya rubuta babinsa yana neman masa mafita, wannan ya fitar da shi zuwa duniyar aljanu, wancan ya kai shi wata duniya mai kama da tamu amma tarihinta dabam. Na ji dattawa a Kankiya suna kiran abin shiririta da satar fasaha. Ni kuwa, bisa ɗan nazarina, ina ganin hukuncin ya yi tsanani, domin hujjar da za ta wanke yaran tana nan kusa, cikin littafin wani mai ɗauke da sunan garin Ingawa.

Duk wanda ya zauna a makarantar boko a da ya san Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a Zariya a 1951, sai dai ba kowa ya san cewa asalin Iliya mutumin Rasha ne ba. Can ana kiransa Iliya na Murom, kuma babu wani malami guda da zai ce shi ya ƙirƙire shi, domin mawaƙan ƙauyuka ne suka yi ta miƙa ƙissarsa baki da baki ƙarni bayan ƙarni, kowa yana ƙara abin da Allah Ya hore masa. A riwayarsu ya yi shekara 33 a gurgunce kafin waɗansu baƙi matafiya su warkar da shi. Daga bisani ya saɓa da Sarki Baladimir na birnin Kiyef, aka rufe shi a kurkukun ƙarƙashin ƙasa, wata gimbiya tana kai masa abinci a asirce, har ranar da abokan gaba suka yi wa birnin ƙawanya, sarki ya rasa madafa, ya buɗe masa ƙofa yana neman afuwa.

To, wannan bawan Allah ne ya tsallako hamada ya sauka cikin harshenmu, Baladimir ya koma Waldima, Kiyef ya koma Kib, har yaran makaranta suka ɗauka ɗan garinsu ne. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Alfu Laila da hikayoyin Turawa ya sa musu riga da rawani.

Shi ma Gizo na tatsuniya, wanda kakanninmu mata suka sha ɗaurewa a gidan sarki da dare suna kwance shi kafin barci ya kwashe jikoki, har yau ba a san wadda ta fara ɗaure shi ba.