Yadda Magniziyam Ya Gyara Kristal na Litiyam Nayobet

Alumina tsantsa ba ta da launi. Ɗan kuromiyam da ya shige ta ne ke mayar da ita jan yaƙutu, kuma da irin wannan yaƙutun Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960. Tun daga nan masu renon kristal a ɗakin gwaji suka ƙara karkata ga zuba ƙari da gangan, maimakon neman tsarki kaɗai.

Litiyam nayobet, wanda ake sarrafa hasken wayoyin sadarwa na gilashi da shi, ya fi nuna dalilin hakan. Ana narkar da garinsa a tukunyar filatinam da zafin da ya kai kusan digiri 1250, a tsoma ɗan guntun iri, a riƙa juya shi ana ja sama sannu a hankali, bisa dabarar Czochralski. A ido kristal ɗin garau yake, amma litiyam ɗinsa bai cika ba, sai nayobiyam ya zauna a wasu guraben da ba nasa ba.

A 1966 masu bincike a Bell Labs na Amurka suka ga illar da ke tattare da wannan kristal. Hasken leza ya shiga a dunƙule, ya fito a warwatse. Hasken ne ke tsinko lantarki daga ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin kristal ɗin da kuma waɗancan guraben, cajin ya je ya taru a gefen da ke duhu, ya karkatar da hasken da ke biyo baya.

Maganin ya fito daga Sin a 1980: magniziyam, kimanin kashi 5 cikin ɗari. Yana korar nayobiyam daga gurbin litiyam, caji ya samu hanyar wucewa bai taru ba. Sai dai akwai iyakar da dole a kai. Ƙasa da ita, amfanin kaɗan ne. Ga kuma wahalar reno, domin ƙarin ba ya rabuwa daidai daga kan kristal zuwa gindinsa, kuma zafi na ɗan yin sama da ƙasa sai zane-zane su fito a ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu adana hoton hologiram ƙarfen nan suke ƙarawa da hannunsu, don karkacewar hasken ita suke nema. Saboda haka a ganina ribar magniziyam ta fi wahalarsa nesa, amma ga mai leza mai ƙarfi kawai.