Idan Direban Haya Ya Fusata: Yadda Za Ku Fita Lafiya da Inda Za Ku Kai Ƙara

Duk mai hawa motar haya a garuruwanmu ya taɓa ganin irin wannan, ko a kansa ko a kan wani. Ana cikin tafiya sai gardama ta ɓarke a kan kuɗin mota ko canji, direba ya ɗaga murya, zagi ya biyo baya. Wani ya taka birki ya ce kowa ya sauka a inda babu gida babu rumfa. Wani ya ƙara wuta da gangan don ya firgita wanda ya ce masa ya rage gudu. Wani kuma ya riƙe jaka ko waya ya ce ba ya saki sai an cika masa kuɗinsa. Yawancin fasinjoji sauka suke yi, su ja Allah ya isa, su kama gabansu. Shi kuwa direban can gaba zai ɗauki wani, ya yi masa irin abin da ya saba.

Abu biyu ya kamata ku riƙe. Muddin kuna cikin mota, abin da ke gabanku shi ne ku fita lafiya. Da zarar kun fita, haƙƙinku ne ku kai ƙara, kuma yin hakan taimako ne ga wanda zai hau bayanku.

Me ke kawo rikicin?

Mafi yawan faɗan direba da fasinja a kan kuɗi yake farawa. Da yawa daga cikin masu tasi da Adaidaita Sahu ba su ne masu abin hawan ba. Akwai balas da za su kai wa mai mota kullum, ko kuma bashi aka ba su suna biya duk mako. Ga kuɗin tikiti na ƙungiya, ga gyara, ga mai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000 a 2024. Kuɗin mota ya daina tsayawa wuri ɗaya: fasinja na riƙe da farashin jiya, direba na lissafin na yau. A haɗa wannan da zafin rana da cunkoso da dogon wuni a bakin sitiyari, sai ka ga ƙaramar magana ta zama babba. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke shan ƙwayoyi irin su tiramadol wai don su jure aiki, kuma su ne suka fi haɗari.

Sanin wannan yana taimaka wa fasinja ya gane inda wutar take tasowa, ya kauce mata. Amma matsin rayuwa bai ba kowa lasisin zagi, duka, ko wasa da ran mutane ba.

Kafin ku shiga

Rigakafi ya fi magani. Ku gama ciniki kuna tsaye a ƙasa: ina za ku, nawa ne, shata ce ko za a haɗa ku da wasu, kaya da kuɗinsu ko babu. Idan babbar takarda ce a hannunku, ku faɗa tun da wuri: “Malam direba, dubu ɗaya ce a hannuna, akwai canji?” Idan tiransifa za ku yi, shi ma a yarda da shi kafin a tashi.

Sannan ku dubi lamba. Akwai lambar mota ta gaba da baya, akwai kuma lambar shaida da hukuma ko ƙungiya ke rubutawa a jikin abin hawa. A Kano, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ne suka zama ƙafar gari, kuma duk kusan launinsu ɗaya ne. Wanda ya je ofis ya ce “wani mai Adaidaita ruwan ɗorawa” bai faɗi komai ba. Lambar ita ce ke raba wannan da wancan. Ku ɗauke ta a waya, ko ku tura wa wani na gida.

Idan doguwar tafiya ce, ku shiga a tasha, inda ake rubuta sunayen fasinjoji kuma aka san direba da shugabansa. Motar bakin hanya ta fi araha, amma in wani abu ya faru babu wanda za a riƙe. A Abuja kuwa, inda 'yan fashin da ake kira wan-cans ke shigar burtu da motar haya, ku guji mota marar fenti ko mai baƙin gilashi, kuma ku gwada ko ƙofa na buɗuwa daga ciki. Masu amfani da manhajoji irin su Bolt, Uber ko inDrive su tabbatar lambar mota da fuskar direba sun dace da abin da waya ta nuna. In ba su dace ba, kada a shiga.

Idan rikici ya taso ana cikin tafiya

Ku tuna cewa sitiyari a hannunsa yake. Ko kuna da gaskiya ɗari bisa ɗari, cikin mota mai gudu ba wurin karɓar ta ba ne. Ku sassauta murya, kada ku rama zagi, kada ku taɓa iyayensa ko ƙabilarsa ko garinsu. Kada kuma ku ce “za ka ga abin da zan yi maka” ko “ka san ko ni wane ne?”, domin irin wannan magana ingiza mai fushi take yi. Kalma kamar “Yi haƙuri ɗan'uwa, ba faɗa ba ne” ko “Baba, a yi haƙuri, mu isa lafiya tukuna” takan kashe wutar da dogon bayani ba zai kashe ba.

In kun ga abin ba na ƙarewa ba ne, ku nemi sauka, amma ku zaɓi wuri: gidan mai, bakin kasuwa, ƙofar masallaci, shataletale inda jami'ai ke tsayawa. Ku ce a sauke ku nan, ba sai kun kawo dalili ba. Idan a kan naira ɗari ko ɗari biyu ake ja-in-ja, ku biya ku fita. Biyan bai hana ku kai ƙara daga baya ba.

Idan ya ƙi tsayawa, ko ya kauce hanya, ku kira wani a waya da murya a sarari, ku faɗi inda kuke da lambar motar. Direban da ya ji an ambaci lambarsa yakan shiga taitayinsa. A Nijeriya lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuma 122, duk kyauta ake kiran su. A Jamhuriyar Nijar, 17 ce lambar 'yan sanda. Manhajojin haya suna da wurin tura wa dangi hanyar da ake bi, da maɓallin neman agaji. In mota ta rage gudu a cunkoso, ku sauke gilashi ku yi ihu, jama'a za su kawo ɗauki. Kada ku kama sitiyari, kada ku shaƙe direba ta baya, kada ku yi tsalle daga mota tana gudu.

Game da ɗaukar bidiyo, a yi hattara. Saka wa mai fushi waya a fuska yakan jawo ya fizge ta ko ya kai hannu. Naɗar murya a ɓoye, ko ɗaukar hoton lamba bayan an sauka, ya fi aminci.

Sauran fasinjoji ma da nauyi a kansu. Idan direba ya tasa mace, tsoho ko yaro a gaba da cin mutunci, mutum biyu su ce “Malam, ya isa haka” sau da yawa ya wadatar. Shirun da kowa ke yi shi ne ke ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Wanne ne rashin ɗa'a, wanne ne laifi?

Bambance su yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tsawa, baƙar magana, ƙara kuɗi bayan an yi ciniki, hana canji, ko sauke fasinja kafin inda aka yi alkawari, rashin ɗa'a ne a sana'a, kuma ƙungiya ko kamfani ke hukunta su. Gudun ganganci, lodi fiye da ƙima, waya a kunne ana tuƙi, keta danja ko tuƙi cikin maye, karya dokar hanya ne. A ƙa'idar hanya ta Nijeriya, iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa, tasi da bas kuwa ba su wuce 80 a babbar hanya, 90 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Amma duka, barazanar kisa ko raunatawa, kulle mutum a mota ba da sonsa ba, ƙwace masa kaya, ko taɓa jikin mace, waɗannan laifuka ne da dokar Final Kod ta jihohin Arewa ta tanadi hukuncinsu. Maganarsu ta 'yan sanda ce da kotu.

Hujjar da za ku tafi da ita

Da kun samu natsuwa, ku rubuta abin da ya faru tun ba a manta ba: rana da lokaci, inda kuka hau da inda kuka sauka, lamba, irin motar da launinta, kamannin direba, da ainihin abin da ya faɗa ko ya aikata. In akwai wanda ya gani, ku roƙi lambar wayarsa. Shaidar tiransifa hujja ce babba, domin tana ɗauke da sunan mai asusu da lokacin da aka biya. Idan an ji ciwo, a ɗauki hoto, a je asibiti a ranar, a karɓi takardar likita.

Inda za ku kai ƙara

Na farko, tasha. Kusan kowace tasha tana ƙarƙashin reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ta masu motoci ta RTEAN, masu baburan ƙafa uku ma da nasu ƙungiyoyin. Ku nemi shugaban reshe ko sakatare, ba ɗan kamasho da ke bakin ƙofa ba. Sun san nasu, suna iya kiran direba a take, su sa ya dawo da kuɗi ko kaya, su ci shi tara, ko su hana shi lodi na wasu kwanaki. Ga direba, rasa layi hukunci ne mai zafi.

Na biyu, hukumomin hanya na jiha: KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, jami'an VIO a Abuja da sauran jihohi. A manyan hanyoyi kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988. A kan doguwar tafiya ba sai an jira an isa ba. In direba na ganganci, ku faɗa wa jami'an da kuka tarar a hanya.

Na uku, kamfanin manhaja. Ku buɗe tarihin tafiyar, ku ba da makin da ya dace, sannan ku rubuta ƙorafi dalla-dalla, domin maki kaɗai ba ya bayyana abin da ya faru. Kamfani na iya mayar da kuɗi, ya dakatar da direba ko ya cire shi gaba ɗaya. Idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Na huɗu, 'yan sanda, ga duk abin da ya kai laifi. Ku je ofishin da ke yankin da abin ya faru, ku ba da bayani a rubuce, ku karanta ko a karanta muku kafin ku sa hannu, ku riƙe sunan jami'in da aka ba binciken. Shigar da ƙara kyauta ne. In aka yi muku riƙon sakainar kashi, ku nemi ganin DPO, ko ku rubuta wa kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Mata da yawa suna haɗiye cin zarafi saboda kunya, ko tsoron a ce me ya fitar da su. Laifin na wanda ya aikata ne. Mace na iya tafiya da ɗan'uwa ko mijinta, tana iya neman jami'a mace ta saurare ta, kuma a Kano da jihohin da ke da Hisbah ana kai irin wannan ƙorafi can ma.

A yi wa direba adalci

Mafi yawan direbobi mutanen kirki ne masu neman halak. Sau nawa muke jin an yi cigiya a rediyo cewa mai Adaidaita ya dawo da kuɗin da fasinja ya manta? Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma su kansu direbobin kirki suna son a fitar musu da ɓata-gari. Don haka ku faɗi abin da ya faru kawai, ba ƙari. In ku ma kun yi zagi, ku faɗa. Kada ku tara wa direba jama'a da ihun ɓarawo a kan rigimar canji, domin an sha rasa rai a irin haka. Kada kuma ku yi saurin watsa hotonsa a Facebook ko TikTok da zargin da ba za ku iya tabbatarwa ba. Ɓata suna ma laifi ne a doka.

Yafiya abu ne mai kyau, kuma wanda aka kira gaban shugaban tasha ya ba da haƙuri, a yafe masa. Amma a fara kai maganar tukuna, domin a rubuta, a ja masa kunne. Ƙorafi ɗaya yana iya wucewa a matsayin saɓani. Idan uku ko huɗu suka taru a kan lamba ɗaya, babu ƙungiya ko kamfanin da zai ce bai sani ba. Tun yau ku adana 112 da 122 a wayarku, ku koya wa yara da matan gida duba lamba kafin su hau, kuma duk ranar da aka ci zarafinku, ku je ku faɗa a inda za a iya ɗaukar mataki.