Daga Ramin Gafiya zuwa Ɓaraguzan Gini: Yadda Karnukan Ceto ke Aiki

Duk wanda ya tashi a Dosara ko a ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara, ya san fitar farauta da rani, musamman a shekarun da rashin tsaro bai taƙaita shiga daji ba. An gama girbi, ciyawa ta bushe, samari sun rataya gora, karnuka na gaba. Can sai wani kare ya ja birki a gindin geza, ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya ta miƙe, ya hau tono da ƙafafun gaba. Maigidansa bai ga komai ba, amma ba ya gardama. Ya san akwai gafiya ko kurege a ramin.

Wannan tsayawa ta kare a bakin rami ita ce tushen sana'ar da ƙasashe da yawa suke kashe wa kuɗi masu kauri. Karen ceto shi ne wanda aka horar domin ya gano mutumin da ya ɓace, ko wanda gini ya danne, ko wanda dusar ƙanƙara ta binne. Abin da ya bambanta shi da karen farauta bai wuce biyu ba: mutum yake nema ba nama ba, kuma in ya samu ba kamawa zai yi ba, sanarwa zai yi.

Matafiyin da ke son ganin inda labarin ya shahara sai ya nufi tsaunukan Alps, a kan iyakar Suwizalan da Italiya. Akwai wata mashiga a can mai tsayin mita 2,469 daga doron teku, wadda fatake da masu ziyarar birnin Rum suka daɗe suna bi da ƙafa. Wajen shekarar 1050 wani malamin coci mai suna Bernard ya gina masauki a wurin domin matafiyan da sanyi ya galabaitar, kuma da sunansa ake kiran mashigar har yau. A ƙarshen ƙarni na 17 limaman masaukin suka soma ajiye manyan karnuka. Da fari gadi suke yi. Daga baya aka lura suna gane hanya ko da dusar ƙanƙara ta shafe ta, faffaɗan ƙirjinsu yana buɗa wa na baya turba, hancinsu kuma yana kai su inda wani ya faɗi.

Mafi suna a cikinsu shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana kuma danganta masa ceton mutum sama da 40. Gawarsa da aka busar tana gidan adana kayan tarihi na birnin Bern. A garin Martigny, a gindin tsaunin, wata gidauniya mai sunansa ta karɓi kiwon wannan jinsi daga hannun limaman a 2005, kuma tana da gidan kallo da ake kira Barryland. Da bazarar Turai, lokacin da hanyar sama ke buɗe, akan hau da wasu karnukan masaukin domin baƙi su gan su. A shagunan tsaraba kuwa za ka tarar da 'yan mutum-mutumin kare da ƙaramar ganga rataye a wuya, wai ta giyar da ake farfaɗo da wanda sanyi ya kama. Limaman sun ce karnukansu ba su taɓa ɗaukar irin wannan ganga ba; wani zane ne na Edwin Landseer na 1820 ya yaɗa hoton. Yau kuwa jinsin ya yi nauyi da yawa ga aikin, an koma ga karnuka marasa jiki da ke shiga jirgi mai saukar ungulu. Karen bana, in ji Bahaushe, shi ne maganin zomon bana.

To, ta yaya kare ke gano wanda ido bai gani? Amsar tana cikin ginin hancinsa. A can ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta da za mu iya kira makaman wari, domin aikinsu kama wari su aika wa ƙwaƙwalwa. Na ɗan Adam kimanin miliyan 6 ne, na wasu karnuka kuwa suna kai miliyan 300. Idan kare ya ja iska, takan rabu biyu: kaso mafi yawa ya wuce huhu, kaɗan ya ratse zuwa wani lungu da aka keɓe wa shinshina. Dubi hancin kare da kyau, za ka ga tsaga a kowane gefe. Ta nan yake fitar da numfashi, saboda haka iskar da ke fita ba ta kore warin da ke gabansa. Yana iya jan iska kusan sau biyar a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowace ƙofar hanci tana kawo nata rahoton, shi ya sa yake sanin ko daga dama warin ya fi ƙarfi ko daga hagu.

Shi kuma mutum ba ya daina sakin wari ko da ya suma. Numfashi, gumi, da ɓurɓushin fata da ke zuba daga jiki ba dare ba rana, duk suna ratsa kafofin ɓaraguzai su fito kamar yadda hayaƙi ke fita ta jinkar ɗaki. Daga nan aikin ya kasu biyu. Akwai mai bin sawu, wanda ake ba shi riga ko hular wanda ya ɓace ya shinshina, sai ya bi warin wannan mutum shi kaɗai ko a cikin kasuwa ne. Akwai kuma mai karanta iska, wanda ke ɗaga kai yana kai-kawo har ya tsinci warin ɗan Adam, ya bi shi zuwa inda ya fi kauri. Wannan na biyun shi ake kaiwa wurin rushewar gini. Mai kula da shi yakan fara duba inda iska ta dosa, ya sako karen ta ɓangaren da take kaɗowa gare shi. Kowane maharbi ya san wannan lissafi, kamar yadda ya san cewa sawu ya fi kamuwa da sanyin safiya, kafin rana ta busar da raɓa.

Horon yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba da bulala ake yin sa ba. Tun yana ɗan kwikwiyo ake zaɓar mai son wasa, marar tsoron ƙara. Wani zai ɓuya riƙe da ƙwallon da karen ke so. In ya gano shi ya yi haushi, a ba shi ƙwallon. A hankali ake tsananta ɓuyar: cikin ganga, ƙarƙashin katako, cikin duhu, ga abinci a yashe a gefe domin ya koyi kau da kai. Ana koya masa hawa tsani da taka bulo mai motsi. A wurin karen, duk wannan wasan ɓuya ne. Masu neman rayayyu daban ake horar da su, masu neman gawa daban. Akwai ƙungiyar duniya ta karnukan ceto da aka kafa a 1993, mai mazauni a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, wadda ke shirya jarrabawa ga kare da mai shi tare, domin su biyun ne ma'aikaci guda.

A filin aiki, haushin kare ɗaya bai isa a fara fasa kankare ba. Akan kawo na biyu ya tabbatar, sannan a tsayar da injuna, kowa ya yi tsit, a zura na'urar sauraro da ƙaramar kyamara. Kare na gajiya da wuri, zafi da ƙura suna dushe masa hanci, don haka ake hutar da shi akai-akai. Lokaci kuma ba ya jira: bayan sa'o'i 72 na farko, damar samun mai rai tana raguwa sosai. Duniya ta ga wannan a girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutum sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Ƙasashe da dama sun tura karnuka. Ɗaya daga cikin na sojojin Meziko, mai suna Proteo, ya mutu a bakin aiki, daga baya Turkiyya ta aika musu da ɗan kwikwiyo a madadinsa.

A gida Najeriya, karnukan da hukuma ke horarwa an fi ganinsu wajen 'yan sanda da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna shinshina kaya. Amma buƙatar masu neman rai ba ta ɓuya. Bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, fiye da mutum 40 suka rasu. A Zamfara, ramukan haƙar zinare sukan rufta da matasa, 'yan'uwansu su hau tono da shebur da hannu ba tare da sanin ta ina za a fara ba.

Addini bai toshe ƙofar ba. Hadisi ya halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da gadin gona, Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbar farauta da aka koyar, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki jikin kare a matsayin najasa ba. A ganina, abin da ya rage shi ne tsari: rigakafin ciwon haukan kare, abinci, wurin horo, da hukumar agaji da za ta ɗauki nauyi. Gwanintar karanta kare kuwa ba sai an sayo ta daga Turai ba. Saurayin da ya san bambancin haushin “ga zomo” da na “ga maciji” ya riga ya yi rabin karatun.